Yaya Zainabu da Na'urorin Juji

A daminar bana yayata Zainabu ta cika shekara tara da rasuwa. Ni ne Lawali, autansu, direban taksi a nan Yamai, kuma ban saba rubuta wa jarida ba. Kwanan baya wani fasinja ya sa na bi ta bayan gari, ta gefen babban jujin da ake zubar da sharar birni. Warin robar da ake ƙonawa ya shigo mota, fasinja ya yi maza ya ɗaga gilashi yana tsaki. Ni kuwa sai na ga na rage gudu ba tare da na yi niyya ba. Warin nan shi ne warin mayafin Yaya a shekarunta na ƙarshe, duk turaren da ta sa ba ya kashe shi. Tun ranar nake jin ya kamata wani ya faɗi ko ita wace ce, kuma a cikin waɗanda suka rage ni ne na fi kowa sanin hanyar da ta bi, don ni na tuƙa ta.

Mu mutanen Maradi ne. Mahaifinmu ya zo Yamai da fataucin atamfa tun muna ƙanana, ya zauna bai koma ba. Yaya ce babba, ita ta goya ni, ita ta fara kai ni lakkol, wato makarantar boko, tana jan hannuna ina tirjewa. Ni na tsaya a hanya, ita ta ci gaba har ta koyi buga takardu da keken rubutu, ta samu aiki a wata ma'aikatar gwamnati. Tana nan aka kawo ordinatar, wadda maƙwabtanmu na kudu ke kira kwamfuta. A lokacin wani ƙaton akwati ne mai launin madara, da baƙin gilashi da koren rubutu ke fitowa a kai. Aka tura ta kos, ta dawo ba ta da wata hira sai tasa. Abin da ya fi burge ta shi ne mutum zai yi kuskure ya goge, takarda ba ta yage ba, kowa bai sani ba. Ta yi shekaru tana zaune gaban akwatin nan har launinsa ya koma na tsohon haƙori.

Ajiye aikinta da korar na'urorin kusan tare suka zo. Aka kawo sababbi masu siririn gilashi, aka kwashe tsofaffin aka jibge a bayan buro, wato ofishinsu, ƙarƙashin wata bishiyar bedi, rana ta doke su, awaki su hau kansu. Ta nemi a ba ta ko da guda ɗaya, aka ce kayan gwamnati ne, ba a bayarwa sai da takarda, takardar kuma ba wanda ya san teburin da za ta fito. Wata safiya mai gadin wurin ya aiko mata cewa kamiyo, babbar motar kaya, ya zo ya kwashe komai. Ina cikin layin babbar kasuwa ta kira ni.

"Auta, kana da fasinja?"

"Ina da biyu, Yaya."

"In ka sauke su ka zo. Juji za ka kai ni."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na same ta a ƙofar gida da atamfarta ta zuwa biki da takalmi mai tsini, kamar mai shirin zuwa ganin minista.

Wanda bai taɓa shiga jujin nan ba bai san akwai wani gari a cikinsa ba. Akwai masu tsintar leda, akwai masu kwalabe, akwai masu ƙarfe, kowa da yankinsa. Su masu ƙarfe da guduma suke aiki. Su fasa na'ura, su zare wayoyin ciki, su tara su cinna musu wuta robar ta narke jan ƙarfen ya fito, alminiyon kuma ya tafi kasuwar Katako wurin masu zuba tukwane. Babbansu wani dogon Bazabarme ne mai suna Hamani. Muka tarar sun riga sun ci rabin tulin. Ya dubi Yaya daga ɗankwali har takalmi, ya gaishe ta da Zabarmanci.

"Fofo, Madam. Me kika yar?"

"Ba ni na yar ba," in ji ta, "amma ni na zo ɗauka. Ajiye gudumar nan tukuna."

Ya ajiye, ina jin don mamaki. Ta tattare zani ta hau tulin, tana juya akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Ba ta samu wadda ta yi aiki da ita ba, an riga an fasa ta. Ta dubi ɓaraguzan, sannan ta zaɓi waɗanda ba a taɓa ba muka cika bayan mota. Kafin mu tafi sun daidaita da Hamani: duk na'urar da ta zo da jikinta zai ware ta gefe sai ta gani, ita kuma ba za ta bari ya yi asarar ƙarfensa ba. Na ɗauka zuwa ɗaya ne. Shekaru muka yi muna wannan hanya.

Akwai wani tsoho mai gyaran rediyo a Katako da ya yarda ya taya ta. A wurinsa ta koyi buɗe cikin na'ura, a ciro wannan daga waccan, a haɗa matattu uku a tada guda. Matar da a da ba ta yarda ƙura ta taɓa farcenta ba ta koma yawo da sukudireba a cikin jakar hannu, tare da carbi da goro.

Mijinta, Alhaji Idi, ɗan kasuwar shinkafa ne, mutum mai kunyar idon jama'a. Abokansa na masallaci suka fara yi masa jaje a fakaice, wai an ga iyalinsa a juji, ko kasuwa ce ta karye bai faɗa ba. Ya kira ni zaure, ita ma ya sa ta zauna.

"Lawali, kai ke da mota. In ka ƙi tuƙawa ai ba ta zuwa."

Kafin in buɗe baki ta ce, "Alhaji, in ya ƙi zan hau amalanken jaki, sai maganar ta fi haka yawa. Ba yunwa ta kai ni ba, kai ma ka sani. Abu ne mai rai ake kashewa da guduma, ga mata a unguwar nan da ba su taɓa sa hannu a kansa ba."

Ya daɗe yana jan carbi. Bai ce ya yarda ba, bai kuma hana ba. Bayan kwana biyu ya sa aka kwashe buhuna daga ɗakin ajiyarsa na bakin ƙofa, aka jawo waya aka sa fanka. Amma ya yi shekaru bai taka ɗakin ba, in zai wuce ma kau da kai yake yi.

A ɗakin nan na gidansu da ke Gamkalley ta buɗe makarantarta, in har za a kira ta makaranta. Ba allo a ƙofa, ba takardar shaida. Bayan la'asar mata ke zuwa, yawancinsu masu aikin lambu a bakin kogi, waɗanda suka taɓa lakkol kaɗan aka cire su, da zawarawa, da matan aure da suka roƙi izini. Na fi tunawa da Rakiya, wadda mijinta ya rasu ya bar mata ƴaƴa da fegin ganyen salati. Ban-ruwa ya tsattsage mata yatsu, ranar farko ta ɓoye hannuwanta cikin hijabi ta ce tana tsoron ta ɓata abin. Yaya ta kamo hannun ta ɗora kan haruffa ta ce, "Daga juji ya fito, Rakiya. Me za ki yi masa da ba a yi masa ba?"

Wutar lantarki kuwa kowa ya san halinta a garin nan, musamman lokacin zafi. In ta ɗauke, Yaya ba ta sallamar kowa. Sai ta sa a buɗe ƙofa da taga, ta tsaya a tsakiya tana karanto jimla, su kuma suna bugawa a kan na'urorin da ba sa nuna komai. Ina zaune a mota ina jiran in mai da wasu gida, sai in riƙa jin ƙarar yatsunsu kamar yayyafi a kan kwano. Wai da kunne take gane wadda ta yi kuskure. Ni dai ban taɓa yarda ba, amma su sun yarda, kuma suna tsoronta.

Sai shekarar da kogi ya shigo unguwa. An yi ta cewa ruwa na tasowa, mutane na cewa bai taɓa kawowa nan ba. Da hantsi aka kira ni, kafin in iso ruwa ya kai gwiwa a tsakar gida. Muka shiga kwasar abin da za mu iya, mata na ɗorawa a ka suna fita zuwa tudu. A nan na ga Alhaji Idi, da babbar rigarsa jiƙe har ƙugu, ya fito daga ɗakin da ya ƙi shiga, da ordinatar a kansa yana haki. Bai dubi kowa ba, ya kai ya dawo ya ɗauki wata. Duk da haka mafi yawansu sun sha ruwa. Da kogi ya janye muka buɗe su, laka ce cike har cikin fankokinsu. Yaya ta zauna kan turmin da aka kife tana kallonsu, tun azahar har rana ta yi sanyi. Na ce a raina to, an zo ƙarshe, kowa zai huta. Da zan tafi ta ɗago kai.

"Auta, gobe da safe ka zo da wuri. Hamani ya ce an kawo wasu daga wani banki."

Ina jin daga ranar ne gajiyata ta fara. Ita ban ga alamar tata ba sai da jiki ya ƙi.

Tari ne ya fara, irin wanda ake cewa sanyi ne. Ya ƙi tafiya. A asibiti likita ya duba hoton ƙirjinta ya tambaye ta ko tana shan taba, ta yi dariya har tarin ya sarƙe ta. Da na ba shi labarin hayaƙin juji sai ya ajiye alƙalami ya ce kada ta sake zuwa. Ta sake zuwa. Abin da kawai ta rage shi ne ta daina fita daga mota. Sai in ɗaga gilashi, Hamani ya riƙa ɗauko na'urori yana nuna mata ta taga, tana gyaɗa kai ko ta girgiza. Daga baya hawa motar ma ya gagara. Ta koma koyarwa daga kan kujera, muryar ta dushe, Rakiya ke karanto jimla a madadinta. Ta rasu wata safiya ana yayyafi. A wurin jana'iza na hango Hamani can baya da wankakkiyar riga, shi da mutanensa, ba su matso cikin manyan ƴan kasuwa ba sai da Alhaji da kansa ya je ya kamo hannunsa.

Bayan an share makoki Alhaji ya ce zai sayar da gidan ya koma Maradi, zaman Yamai ya fita ransa. Ƴaƴansu duk suna nesa, kowa da hidimarsa. Ya ce mini, "Ka kwashe su, Lawali. Ba na iya sayarwa, ba na kuma iya kallonsu." Haka na'urorin suka dawo gidana a Yantala, suka cika ɗakin baya har kusa da rufi. Na yi ƙoƙari daidai gwargwado. Rakiya ta riƙa zuwa tana koyar da ƴan mata kaɗan, har ta samu aikin buga takardu a wata makaranta, lokaci ya ƙi mata. Tsohon nan na Katako idonsa ya tafi, daga baya shi ma ya tafi. Masu gyaran yanzu in na kai musu sai su yi murmushi su ce, Baba, wannan ai ta girme mu. Ɓeraye suka ci wayoyi, zafi ya busar da abin da ya rage. Duk shekara nakan buɗe ɗakin in kakkaɓe, in rufe, in ce baɗi zan san abin yi.

Sau da yawa ina tuƙi ina tambayar kaina me za ta ce da ta ga yau. Jikata ba ta san zama gaban allon haruffa ba, da manyan yatsu biyu take rubutu a salula, in ta gaji ma sai ta yi magana abin ya kai saƙo. Jujin ya ninka yadda ta san shi, amma kayan cikinsa sun canja: matattun salula, siraran gilasai da suka tsage, baturan sola da ke zubar da ruwa mai cin fata. Yawancinsu an liƙe su ne da gam, ba su da ko ƙusar da za ka kwance. Ana shigo mana da su daga ƙetare da sunan na hannu, rabinsu sun mutu tun a hanya, wato sharar wasu muke saye mu ƙona a bayan garinmu. Hayaƙin da ya ci ƙirjinta yana nan yana tashi kullum, kuma waɗanda ke tsaye a cikinsa sun fi na da yawa. Wani mai gilashin ido ya taɓa zuwa gidana, ya ce a ƙasashen Turawa irin waɗannan tsofaffin na'urori ana ajiye su a gidan tarihi, mutane na zuwa kallo. Ya ɗauki hotuna ya ce zai dawo. Ban sake ganinsa ba. Da Yaya ce da ta tambaye shi ko a gidan tarihin ana barin mata su zauna su buga.

Wani lokaci ina ganin da ranta ya ɓaci ƙwarai. Wani lokaci kuma ina ganin ba za ta tsaya ɓacin rai ba, da ta nemo wuƙa ta ɓamɓare bayan salula ta ga abin da ke ciki, ta kira ni in kai ta wani wuri. Wannan na biyun ya fi kama da ita, kuma in faɗi gaskiya, tunaninsa kaɗai yana sa bayana ciwo. Na haura sittin. Gwiwata ba ta son kulocin mota, balle hawa tulin shara.

Bana ɗana Isa zai yi aure bayan damina, kuma ba inda zai sa amarya sai ɗakin nan. Matata Mariyama ta yi haƙurin shekara da shekaru ba ta taɓa cewa a fitar da su ba, sai dai takan tsaya a ƙofar tana kallonsu, ni kuma na san ma'anar kallon. Don haka da lokacin rasuwar Yaya ya zagayo na sa aka yi abincin sadaka, na aika wa ɗalibanta da na san inda suke. Ba su zo da yawa ba. Wasu sun bar gari, wasu sun rasu. Bayan an yi addu'a na buɗe musu ɗakin, muka jawo waya muka gwada na'urorin da suka fi kyan gani. Ɗaya ce kawai fankarta ta juya, ta yi ƙara kaɗan ta tsaya.

Su abin bai dame su ba. Suka zauna kan tabarma suna gardamar wadda ta fi saurin hannu a da, suna kwaikwayon yadda take tsawa. Ɗaya tana aiki a kantin magani yanzu, ita ke zaune gaban na'ura. Ɗaya tana da tebur kusa da ma'aikatar magajin gari tana buga wa mutane takardu. Wata kuma ta ce ita ba ta taɓa samun aiki da abin da ta koya ba, har yau albasa take sayarwa, amma tun daga ɗakin Madam ba ta ƙara shiga wani buro gabanta na faɗuwa ba. Na bari suka gama, sannan na ce duk mai so ta ɗauki ɗaya ta tafi da ita, ko don tunawa. Kowa ta dubi tabarma. Na san dalili: ɗaki ɗaya, yara, ga kuɗin wuta, ina za a kai akwatin da ba ya tashi?

Rakiya ce ta yi magana. "Baba Lawali, ka gaji, muna gani a fuskarka. Ka riƙe amana iyakar riƙo. Ita fa ba ta taɓa ajiye na'urar da ta mutu ba, cire abin amfani take yi ta mayar wa Hamani sauran. Ka mayar masa."

Haka aka yi. Hamani ya bar juji, yana da ƴar rumfa a Katako inda yake sayen ƙarfe, shi ma tarin ya kama shi, yana magana yana hutawa. Na yi sawu da yawa kafin ɗakin ya ƙare. Da na sauke na ƙarshe ya zagaya tulin yana dafa su, har ya nuna wata ya ce ya tuna ranar da ya ware wa Yaya ita. Mutanensa suka matso da guduma, ya ɗaga musu hannu.

"Ku dakata. Lawali, shiga motarka ka tafi. Sai ka yi nisa."

Na shiga na tafi. Kasuwar cike take da ƙarar masu ƙira da masu zuba tukwane, don haka ban san wace guduma ce tasu ba a cikin waɗanda na ji.

To me ya rage na Yaya Zainabu? Ba ta rage jujin da ko taki ɗaya ba, ba ta kashe wutar da ke cinsa ba, wutar ce ma ta ci ta. Makarantarta ba ta da suna, ba wanda zai sa ta a littafin tarihi. Na'urorin da muka sha wahala a kansu wataƙila yanzu sun zama tukwane, wata na dafa shinkafa a cikinsu ba ta sani ba. Abin da na iya gani da idona shi ne matan nan da suka zauna a tabarmata, masu furfura a gefen ɗankwali, kowace tana ci da aikin hannunta ko tana shiga inda a da take tsoro. Ban san ko wannan ya kai kuɗin huhun mutum ba. Na auna na sake aunawa, wata rana ya kai, wata rana bai kai ba. Ita dai ba ta taɓa tsayawa aunawa ba, kuma ba ta nemi shawarata ba.

Mariyama ta sa an shafe ɗakin da farar ƙasa, jibi za a kawo gadon amarya. Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe mata, ya ba ta hutun da ta ƙi ɗauka tana raye. Ni ma, da izininta, zan ɗan huta.